Yadda Za Ka Riƙe Ɗan'uwanka Mai Son Jinsinsa a Legas

Wannan bayani na Bahaushe ne ko Bahaushiya da ke zaune a Legas, wanda ya wayi gari ya gane cewa ƙanensa, ko ɗan yayarsa, ko abokin da suke kwana ɗaki ɗaya, ko yarinyar da aka kawo masa riƙo daga gida, zuciyarsa ga jinsinsa ta karkata. Ba a shirya wa irin wannan rana. Ko dai an ga saƙo a waya, ko an tsinci tsegumi a majalisa bayan sallar isha'i, ko kuma shi da kansa nauyin ya ishe shi ya furta. Abin da ka yi a kwanakin farko shi ne zai nuna ko yaron zai ci gaba da zama cikin mutane yana neman abincinsa, ko kuwa zai rasa ɗaki da jari da mutunci cikin mako guda, wani lokaci har da ransa.

Zan faɗi matsayina tun daga farko domin kada a yi ta lalube. Son da yake yi so ne irin wanda ka sani: yana kewa, yana kishi, yana kasa cin abinci idan an yi masa shiru, yana kuma fatan ya samu wanda zai damu da shi idan ya kwanta ciwo a garin da ba nasa ba. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba, kuma kowa ya san cewa malaman Musulunci da na Kirista a Najeriya, in ban da ƙalilan, haramci suke gani a cikin wannan al'amari. Sai dai ba sai ka sauya aƙidarka ba kafin ka hana a daki ɗan'uwanka, ko a yi masa ƙwace, ko a tozarta shi. Addinin da ka dogara da shi ya hana binciken asirin mutane a cikin Suratul Hujurati, kuma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri, Allah zai rufa masa nasa a duniya da lahira.

Ka fara fahimtar irin zaman da yake yi

Ana yawan cewa Legas gari ne da babu ruwan kowa da kowa. Wannan gaskiya ce ga mai kuɗin kama gida shi kaɗai a Lekki ko Yaba, wanda zai rufe ƙofarsa ya shiga harkarsa. Ɗan Arewa da ya zo ci-rani ba wannan Legas ɗin ya sani ba. Shi yana sauka ne a zango, a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ko Mile 12, inda mutanen garinsu suka riga shi zuwa. Yana kwana da mutum biyar ko shida a ɗaki ɗaya, ko a cikin shagon maigidansa, ko a barandar masallaci. Wanda ya ba shi jari, da wanda ya tsaya masa wajen karɓar babur ko Keke, da wanda yake ajiye masa kuɗi, duk sun san mahaifinsa. Motar da ta sauke tumatur ko shanu yau, gobe za ta juya Arewa da labari, kuma ko motar ba ta tashi ba, akwai zauren WhatsApp na 'yan gari. Saboda haka tonon asiri a wurinsa yana nufin rasa wurin kwana da sana'a da gida a lokaci ɗaya, a birnin da wataƙila ba ya jin Yarbanci, Turancinsa ma bai taka kara ya karya ba.

Kada kuma ka ɗauka cewa kana iya gane mutum daga tafiyarsa ko muryarsa. 'Yan daudu sun daɗe a cikin al'ummar Hausawa, an san su da sayar da abinci a tashoshi da kasuwanni tun kafin a haifi kakanninmu, amma ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, kuma mafi yawan masu son jinsinsu babu wata alama a jikinsu. Akwai direba, akwai mai canji, akwai ɗalibin jami'a, akwai matar aure mai 'ya'ya. Zargi a kan kamanni ya jefa mutane da yawa cikin bala'in da ba su ji ba ba su gani ba, don haka idan zato ne kawai kake yi, ka bar shi a zato, kada ka ɗauki wayarsa kana bincike.

Zaman farko

Idan shi ne ya zo ya ce, "Yaya, ina da magana, amma ina jin tsoro," to ka sani ya yi watanni ko shekaru yana juya ta a ransa, kuma a cikin duk mutanen da ya sani kai ya zaɓa. Kada ku yi maganar a ɗakin haya mai bangon langa-langa, ko a gaban yara, ko ta saƙon murya da za a iya turawa gaba. Ku fita ku sami wurin da babu wanda ya san ku. Ka bar shi ya gama, ko da abin da kake ji yana ƙona maka rai. Idan ba ka da abin faɗa, ya isa ka ce masa, "Na ji ka, kai ƙanena ne, kuma wannan magana ba za ta fita daga bakina ba." Wa'azi da faɗa da tambayar wa ya koya maka duk ba su da amfani a wannan zama, domin babu ayar da za ka karanta masa wadda bai riga ya karanta wa kansa ba a cikin dare yana kuka.

Tambayoyin da suke da amfani su ne na tsaro. Wa da wa suka sani? Akwai wanda yake yi masa barazana ko yake karɓar kuɗi a hannunsa? An taɓa dukansa ko tilasta masa? Yana barci, yana cin abinci? Ya taɓa tunanin kashe kansa? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi a baki, amma ka yi ta kai tsaye, domin tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sai dai ta ba shi damar faɗin abin da ya ɓoye. Idan kuma wanda ake magana a kansa yaro ne da bai kai shekara 18 ba, kuma wani babba ne yake lalata da shi, to wannan cin zarafin yaro ne, ba soyayya ba, kuma wajibi ne ka raba su ka nemi hukuma, ko wane jinsi ne mai laifin.

Sannan sai riƙon sirri, wanda shi ne mafi wuya. Zuciya za ta raya maka ka gaya wa matarka, ko limamin unguwa domin neman shawara, ko babban wanku da ke Kano domin kada a ce ka ɓoye. Kada ka gaya wa kowa sai da izininsa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin kirki ma yana iya faɗa wa wani mutumin kirki da niyyar gyara, kafin Juma'a ta zagayo maganar ta kai bakin wanda zai tara matasa. Idan kai kanka nauyin ya yi maka yawa, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara wanda aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri, ka yi maganar ba tare da ambaton suna ba.

Abin da doka ta ce, da abin da ba ta ce ba

Ya kamata ku biyun ku san dokar yadda take, domin masu ƙwace da rashin saninta suke cin abinci. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya ɗaura shi ko ya halarta a matsayin shaida ko ya taimaka, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyar masu son jinsi, ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Kafin ita akwai sashe na 214 na kundin laifuffuka da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, mai hukuncin shekara 14 a kan saduwar kanta. A jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka, tun daga Zamfara, hukuncin yana iya kaiwa ga kisa. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi dogon tunani kafin ka ce za ka sa shi a mota ka mayar da shi gida domin a gyara shi.

Amma dokar ta 2014 ba ta wajabta wa kowa ya kai ƙarar ɗan'uwansa ba, ba ta hana ka ciyar da shi ko ka ba shi wurin kwana ba, kuma ba ta ba maƙwabci ko ɗan banga ko mai gidan haya ikon hukunta kowa ba. Duka da ƙwace da tsare mutum da neman kuɗin fansa laifuffuka ne ko a kan wa aka aikata su. Tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam a sashe na 34, ya kare 'yancin walwala a sashe na 35, ya kuma kare sirrin gida da wasiƙu da maganar waya a sashe na 37, bai ware kowa ba.

Abin da ya faru a Egbeda ya nuna inda ainihin cutarwar take. A watan Agustan 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otel a unguwar, aka jera su a gaban 'yan jarida, su kuwa suka ce bikin zagayowar ranar haihuwa suka je. Daga baya aka gurfanar da 47 daga cikinsu a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, kuma a watan Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa ci gaba da ita. Ba a samu ko mutum ɗaya da laifi ba, amma kafin a kai ga wannan rana wasunsu sun rasa aiki, an kori wasu daga gidajensu, domin an riga an nuna fuskokinsu a talabijin. A 2021 Jihar Legas ta yi wa dokarta ta shari'ar laifuffuka gyara, ta hana jera waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida. Ka riƙe wannan, domin wata rana kana iya buƙatar tuna wa wani jami'i.

Tarkon 'yan kito

Haɗarin da ya fi kusa da ɗan'uwanka a Legas shi ne abin da ake kira kito. Wasu gungun ɓarayi ne suke buɗe shafi da hoton ƙarya a Facebook ko Grindr ko wata manhajar neman abokai, su yi ta hira da mutum kwana da kwanaki har ya saki jiki, sannan a gayyace shi wani ɗaki a unguwar da bai sani ba. Yana shiga sai ya tarar da mutum uku ko huɗu. Za su dake shi, su tuɓe shi, su ɗauki bidiyo, su tilasta masa ya faɗi lambar sirrin katinsa a je wurin mai POS a kwashe abin da ke asusunsa, sannan su bi lambobin wayarsa suna kiran dangi suna neman kuɗi. Sun san ba zai je wurin 'yan sanda ba, kuma sun san Bahaushe yana tsoron labari ya kai gida fiye da yadda yake tsoron duka.

Abin da ya sa wannan tarko yake kamawa shi ne kaɗaici. Saurayi mai neman budurwa yana da hanya a buɗe: zai je zance, ƙannenta su gan shi, a bincika asalinsa, shi ma a bincika masa nata. Ɗan'uwanka ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka duk wanda ya yi masa magana mai daɗi a waya sai zuciyarsa ta tafi. Idan ka ce masa ya daina kawai, zai ce to, sannan ya ci gaba a ɓoye, ka rasa sanin inda yake ranar da abin zai faru. Abin da ya fi shi ne ku yi yarjejeniya a fili: kada ya je ɗakin wanda bai taɓa gani ido da ido ba, haɗuwar farko ta kasance da rana a wurin cin abinci mai jama'a, kada ya tura wa kowa hoton tsiraicinsa, kada ya fita da katin da duk ajiyarsa take ciki, kuma ya riƙa gaya maka unguwar da za shi da lokacin da zai dawo. Na san wannan yana da nauyi ga wanda bai yarda da abin ba, yana iya jin kamar ya sa hannu. A ganina sanin inda ƙanenka yake domin ka cece shi idan ya faɗa hannun 'yan fashi haƙƙin jini ne, ba ya nufin ka amince da komai.

Idan kiran ya zo maka, kada ka yi ihu ko ka zagi mai kiran, kada kuma ka nuna mamakin abin da suka faɗa a kansa, domin mamakinka shi ne jarinsu. Ka nemi jin muryarsa. Ka rubuta lambar da aka kira ka da ita da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, ka ɗauki hoton duk saƙonnin. Idan ransa yana cikin haɗari, lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767, kuma abin da za ka faɗa gaskiya ne: an tsare ɗan'uwanka ana neman kuɗin fansa. Ka nemi lauya da wuri. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta TIERs, wadda take Legas tun 2005, tana tattara irin waɗannan koke-koke tana kuma haɗa mutane da lauyoyi, sannan akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Bayan ya kuɓuta, idan suka ci gaba da barazanar sakin bidiyo, ku sani cewa biya ba ya kawo ƙarshenta, wanda ya biya sau ɗaya za a dawo masa. A sauya layi, a sanar da banki, a rufe shafukan da suka sani. Idan an yi masa fyaɗe, a kai shi asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin sa'o'i 72, ana kuma shansa kwana 28. Cibiyar Mirabel da ke cikin asibitin koyarwa na jihar a Ikeja tana karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta, maza da mata.

Idan 'yan sanda ne suka kama shi, ka je ofishin da kanka, kuma ka tafi da lauya ko wani mai jin Turanci sosai. Yana da 'yancin yin shiru har sai ya ga lauya, kuma kada ya sa hannu a bayanin da bai iya karantawa ba, ya nemi a fassara masa da Hausa. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a Legas kusan ko'ina akwai. Beli kyauta ne a doka, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, saboda haka kada tsoron a riƙe ka ya hana ka zuwa. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman ofishin lauyoyin kare marasa galihu na gwamnatin Legas.

Batun ɗaki a taƙaice yake. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ce, idan babu wata yarjejeniya dabam, mai biyan shekara yana da sanarwar wata shida, mai biyan wata yana da ta wata ɗaya, kuma kotu ce kaɗai take fitar da ɗan haya. Amma idan matasan unguwa sun fara taruwa a ƙofa, ka fitar da shi a daren, maganar kaya da haƙƙi ta biyo baya.

Maganar aure da maganar magani

Shawarar da dangi suka fi saurin kawowa ita ce a yi masa aure. Ina roƙon ka da ka tsaya a kan wannan da ƙarfi, ko da Baba ne ko Kawu ya kawo ta. Aure ba ya sauya inda zuciya ta karkata. Abin da yake yi shi ne ya jawo wata baiwar Allah, 'yar mutane da aka ɗauko daga Katsina ko Zariya aka kawo ta ɗaki ɗaya a Agege, ta zauna da mijin da ba ya sha'awarta, tana zargin kanta, tana bin malamai da masu kayan mata tana neman laifin da ba nata ba. Idan aka haihu, an ƙara waɗanda za su sha wahala. Wanda ya san gaskiya ya kuma je neman auren yana cikin waɗanda suka yaudare ta. Idan iyaye suka matsa, kai ne za ka sayo masa lokaci, ka ce, "Baba, a ƙara masa haƙuri, bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna," wanda a tsadar hayar Legas ba ƙarya ka yi ba. Idan shi da kansa ya ce yana son aure, domin akwai masu son maza da mata duka, to wannan zaɓinsa ne, amma ka tambaye shi tsakani da Allah ko zai iya ba matar haƙƙinta.

Ga 'ya mace abin ya fi tsanani, domin ita ba a cika tambayar ra'ayinta ba. Yarinyar da aka zarga da maɗigo ana iya ƙwace wayarta, a cire ta daga makaranta, a ɗaura mata aure cikin wata guda da wanda ya girmi mahaifinta. Akwai ma mazan da suke ganin fyaɗe zai gyara ta, wanda zalunci ne tsagwaronsa. Idan ke ce yayarta ko gwaggonta, babban abin da za ki yi mata shi ne ki tsare karatunta ko sana'arta, domin macen da take da abin hannunta ita ce take iya cewa a'a. Ki tuna wa maza cewa hadisi ya ce a nemi yardar mace kafin a aurar da ita. Legas tana da hukuma ta musamman mai kula da cin zarafi a cikin gida da fyaɗe, kuma ana iya kai mata ƙara.

Haka nan maganar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi daga jerin cututtuka a ranar 17 ga Mayun 1990, kuma babu wata allura ko ƙwaya ko jiƙo da aka tabbatar yana sauya shi. Idan ɗan'uwanka mai addini ne yana son ya yi addu'a da azumi, ko ya zaɓi kame kansa, wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ka taya shi da alheri. Amma kada ka yarda a kai shi inda za a sa masa mari, a yi masa bulala da sunan cire aljani. A 2019 an ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidajen gyaran tarbiyya a Kaduna da Katsina lokacin da hukuma ta buɗe su. Abin da yake buƙata na lafiya shi ne abin da kowane baligi yake buƙata: gwajin ƙanjamau, wanda ake yi kyauta a asibitocin gwamnati, da magani idan an samu, da sanin cewa wata doka dabam ta 2014 ta hana nuna wa mai ɗauke da cutar bambanci, kuma ma'aikacin lafiya ba shi da ikon yaɗa sirrin marar lafiya.

Ranar da zuciyarsa ta karye

Akwai abin da ko dangi masu tausayi suke mantawa. Suna iya kare shi daga duka da kamu, amma su ɗauki soyayyarsa kamar wata ƙazanta da ba a ambata. Ka duba yadda muke yi idan budurwa ta ƙi saurayi, ko aka ba wani ita: abokai za su zauna da shi a wurin mai shayi, a ba shi baki, a ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ɗan'uwanka kuwa, ranar da wanda ya shekara uku yana so ya koma Sakkwato aka ɗaura masa aure, shi ne za a gayyata ɗaurin auren a matsayin babban aboki, ya yi murmushi a hoto, ya dawo Legas ya buɗe shago da safe kamar babu abin da ya faru. Idan mutuwa ce ta raba su, zai zauna a wurin ta'aziyya yana yi wa wasu gaisuwa, babu wanda zai yi masa. Wannan baƙin ciki da ba shi da wurin fita shi ne yake kai wasu ga shan ƙwaya, wasu ga abin da ya fi haka muni.

Ba a ce ka yi biki ba. Ka dai lura idan ya rame ko ya daina magana, ka tambaye shi, "Lafiya kuwa tsakaninka da mutumin naka?" Ka saurara kamar yadda za ka saurari kowa. Idan wanda yake tare da shi yana dukansa ko yana cinye masa kuɗi ko yana yi masa barazanar tona asiri, ka gaya masa gaskiya cewa wannan cuta ce, domin rashin wurin kai ƙara yana sa mutane su jure abin da bai kamata ba. Idan kuma mutumin kirki ne, wanda ya yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, to ka amsa gaisuwarsa, ka riƙe lambarsa, domin ranar da wani abu ya faru shi ne zai fara sani. Kada kuma ka janye shi daga harkokin dangi. A kira shi suna da biki, a ci abincin Sallah da shi, a bar 'ya'yanka su gaishe da kawunsu, domin son jinsi dabam, lalata da yara dabam, kuma haɗa su zalunci ne. Idan ya fara rabar da kayansa, ko yana yawan cewa gara ya huta, kada ka bar shi shi kaɗai a daren, ka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ko sashen masu tabin hankali na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba.

Duk da haka asiri yana iya tonuwa, don haka ku shirya tun ana zaman lafiya. Ya ajiye takardun makarantarsa da katin ɗan ƙasa da wasu 'yan kuɗi a wurinka. Ku san gidan da zai iya kwana biyu a wata unguwa mai nisa da zangonku, kamar Ikorodu idan kuna Agege. Idan maganar ta kai ga Sarkin Hausawan unguwa ko limami, ka riga kowa zuwa, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka roƙi abu ɗaya tak, wato a hana matasa taɓa shi, domin dattawan zango ba sa son fitinar da za ta jawo musu 'yan sanda. Idan ta kai gida, kada ka bari iyaye su fara ji daga bakin ɗan tsegumi. Ku yi shawara da shi a kan abin da za a faɗa, sannan ka kira wanda ya fi sanyin hali a cikinsu, sau da yawa mahaifiya ce ko wata gwaggo, ka tabbatar mata yana hannunka kuma yana lafiya. Idan suka ce a turo shi gida nan take, ka ce sai ƙura ta lafa, kuma kada ka saya masa tikiti sai shi da kansa ya ce yana son tafiya, bayan ka ji daga wanda ka amince da shi a can cewa babu masu jiransa a tasha.